Ɗan Rahila da Ƙuri'ar Jiratawa

Sabon Gari, Maraɗi.

Zuwa ga ɗan Rahila,

Assalamu alaikum. Ina yi maka barka da tashi, ina gaida iyalinka da mutanen gidan kakanka na Jiratawa. Allah ya sa kun sauka lafiya. Allah ya tsare ka daga sharrin hanya, da sharrin baki, da sharrin masoyin da ya fi maƙiyi ɓarna. Mu nan jiki lafiya lau, amma raina a ɓace yake, kuma ba zan ɓoye maka ba.

Ka san ban saba zaunar da kai in yi maka faɗa ba. Kai ne ɗan fari, al'ada ta ɗaure mini baki tun ranar suna. Ban taɓa kiran sunanka ba, ban taɓa goya ka a gaban mutane ba, har yau in ka shigo gaishe ni bango nake kallo ina amsawa. Saƙon murya kuwa ba zan aika ba, don na san salularka a tsakiyar fadar samari take wuni, kowane mai jiran shayi ya ji abin da uwarka ta ce. Shi ya sa na ɗauki alƙalami. Rubutun karkatacce ne, ka yi haƙuri ka karanta shi har ƙarshe, wadda ta koya mini shi ita ce dalilin yin sa.

Jiya na je Tibiri dubiya. Bari in tuna maka ko wa na je dubawa, tunda ga alama ka manta. Rahila ce, matar marigayi Ishaya wan babanka, wadda ta koya mini rubutun nan. Wurinta aka kai ka yaye, yaye ya zarce riƙo, har ka gama lakwal, makarantar boko, a ɗakinta. Kirista ce, e, duk duniya ta sani. Ita ce kuma mai tashin ka sallar asuba da ruwan ɗumi a buta, ita ke kora ka makarantar allo da tsumagiya in ka tsaya ƙwallo, ita ke dafa maka sahur alhali ita ba azumin take ba. Yanzu tana kwance. Likita ya sallamo ta gida, kai ma ka san abin da wannan ke nufi. Ba ta iya haɗiye komai sai kunu, shi ma da cokali.

Ina zaune bakin gadonta sai muka ji tsayuwar babur a ƙofar gida. Wallahi matar da ba ta iya juyawa sai an juya ta, sai ga ta tana dafa bango za ta tashi. Ta ce mini, "Habsu, shi ne?" Na leƙa. Ɗan kabu-kabu ne da buhun shinkafa da sukari da sabulu. Na ce, "Malam, daga ina?" Ya ce, "Daga Jiratawa, Hajiya. Ɗan-Juma ya ba ni. Ya ce in ce shugaba yana gaisuwa, aiki ya yi yawa, sai bayan zaɓe zai shigo."

Shugaba! Ba a ko jefa ƙuri'a ba har ka zama shugaban da ke aike. Rahila ta koma ta kwanta, ta ce, "A ce masa an gode. Allah ya ba shi sa'a." Ta juya fuskarta bango. Ni kuwa kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa idona, na fita tsakar gida na tsaya kamar mai neman wani abu.

Da na dawo Maraɗi na kira matarka, na matsa mata sai da ta faɗa mini gaskiya. Kada ka yi mata faɗa, ni na tilasta ta. Ta ce tunda ka fito takarar shugabancin koperatif, wato ƙungiyar manoman rani, abokan hamayyarka ke yawo da magana cewa kai riƙon Kirista ne. Wai shi ya sa kake cewa in mutum ya mutu a bar wa matarsa da marayunsa parsel ɗinsa, wato gonarsa ta rani, a sa sunanta cikin layin ban-ruwa, ta shigo taro ta yi magana da bakinta. Ta ce abokinka Ɗan-Juma, wanda ya naɗa kansa jagoran tafiyarka, shi ya ba ka shawarar kada ƙafarka ta taka Tibiri sai an gama, don kada dattawan gari su ga abin da za su riƙe. Kai kuma ka ce to.

Haba! Ɗan-Juma! Yaron da na san shi yana sayar da fetur a kwalba bakin kwalta, yau shi ne malamin siyasa? Wace ƙuri'a ya taɓa ci? Ni na yi siyasa kafin uwarsa ta yaye shi. Sau biyu babanka ya tsaya takarar kansaye, wato kansila, a wannan Jiratawar, lokacin ana zaɓen jam'iyyu, sau biyun kuma ni ce ke gaba da mata. Duka mun faɗi, kuma hannuna na cikin faɗuwar dumu-dumu. To zauna ka ji yadda aka yi, tunda ba wanda zai gaya maka in ba ni ba.

A karo na farko babanka ya fito yadda Allah ya yi shi. Ka san halinsa: mai sallah ne, amma ba mai tsanani ba. Ya bar ni ina kasuwancin zogale, ya sa ƙannenka mata lakwal, ranar Kirsimeti ya ɗauke mu mu wuni Tibiri. Yana cewa a bar ƴaƴa mata su yi karatu, a bar mata su je awo gidan likita. Ni kuma a lokacin jinina na tafasa, ina ganin duk wanda bai yarda da mu ba baƙauye ne. Na haɗa mata mota guda daga Sabon Gari, da anko, da masu kalangu, da lasifika. Muka shiga Jiratawa da guɗa. Ashe ranar ake sadakar ukun wani dattijo, mutane zaune kan tabarmi a ƙofar gidansa, hanyarmu kuma ta nan ta bi. Wata tsohuwa ta tare ni ta ce, "Ɗiyata, a tsai da kiɗan nan, akwai makoki." Na ce mata mu lokaci gare mu, an ba mu fili iyaka zuwa la'asar. Muka wuce da kalangunmu. A filin kuma na karɓi lasifika na ce zamanin duhun kai ya wuce, duk mai tsare ɗiyarsa a gida azzalumi ne. Iyayen ƴaƴan suna tsaye suna ji. Ba wanda ya yi mini musu. Sai "madalla" da "Allah ya taimaka". Na koma gida ina gaya wa babanka mun gama da su.

Saboda haka ka ji na farko. In mutumin Jiratawa ya ce maka madalla, ba ƙuri'a ya ba ka ba, sallamar ka ya yi. Kuma kada ka kuskura ka kunyata mutum a gaban ƴaƴansa, ko da gaskiyarka ta kai hasken rana. Wanda ka kira jahili a bainar jama'a, ko ya yarda da maganarka a zuci ba zai zaɓe ka ba, don zaɓen ka ya zama amsa sunan da ka sa masa. Na ji an ce kai ma in magana ta yi zafi sai ka juye Faransanci kana buga tebur. Ka bari. Waɗannan mutane sun fi auna ka da ƙafarka a kan bakinka: wa ka je wa gaisuwar mutuwa, wa ka duba da ya kwanta, ka cire takalmi ko ka tsaya daga kan babur. Kiɗan da na wuce da shi gaban makoki ya fi jawabina yi mana ɓarna, har yau akwai gidajen da ake ce mini mai kalangu.

Duk da haka da ƙyar aka kayar da babanka. Wannan ne ban tsaya na yi tunani a kai ba. Da na yi, da na gane cewa akwai masu tsananin da suka zaɓe shi duk da kalanguna. Amma ni haushi ya rufe mini ido, na ce tunda abin da suke so ke nan, to za mu ba su.

Da zaɓe ya sake zagayowa, ni da bakina na tsara wa babanka yadda zai yi. Ya tsai da gemu, ya ɗage wando. Na bar zuwa kasuwa na ce ina kulle, ni da duk Maraɗi ta san muryata a layin masu ganye! Aka daina maganar karatun mata, in an tambaye shi ya ce sai abin da malamai suka ce. Sannan na ce masa bana ba mu ba Tibiri. Ya ce, "Habsu, yayana ne fa." Na ce ai bayan zaɓe ma yayanka ne. Ka ji kalmar? Bayan zaɓe. Ita ce ɗan kabu-kabu ya maimaita mini jiya, sai na ji kamar ni na aiko shi.

Ranar Kirsimeti da Rahila ba ta gan mu ba sai ta aiko da abinci, shinkafa da kaji a babbar kula. Kai ma kana wurinta lokacin, da hannunka aka fige kajin. Mutanen jam'iyya daga Jiratawa na zaune a zaurenmu. Na tare kular a ƙofa na ce a mayar, a ce mun ƙoshi. Babanka bai ci abinci ba ranar.

To mi muka samu? Faɗuwar da ta fi ta farko muni nesa ba kusa ba. Matan da suka bi mu da farko suka ce mun yaudare su. Masu tsananin da muka yi dominsu suka zaɓi nasu na asali, don wa zai bar na gaske ya ɗauki na aro? Ba tsuntsu ba tarko. Rahila kuwa da Babbar Sallah ta zo sai ga ta da wuƙarta da zanen aikinta, ta zauna ta yanka mana nama kamar kowace shekara. Ba ta taɓa tayar da maganar kular nan ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na koma kasuwa, kullen ƙarya ya ƙare. Ka san Alhaji Mati, wanda parsel ɗinsa ke kusa da na babanka, mutumin da ba ya kallon fuskar mace in yana magana da ita. A wurinsa nake sarin zogale. Wata rana ana ɗaure mini buhu, haushi ya ci ni na ce, "Alhaji, mun yi muku duk abin da kuke so, kuka watsa mana ƙasa a ido." Yana kallon gefe ya ce, "Hajiya, ni karon farko na zaɓi mai gidanki." Na ce, "Kai?" Ya ce, "Ni. Ban yarda da rabin maganarsa ba, ɗiyata ma ban sa ta lakwal ba. Amma shekarar da fanfon ban-ruwa ya lalace ya bar mini layinsa albasata ta sha, tasa ta ƙone. Na ce wannan ko mun saɓa ba zai cuce ni ba. Karo na biyu kuwa na ji an mayar da abincin gidan wansa daga ƙofa." Na ce, "Wa ya gaya maka?" Ya ce, "Waɗanda kuka yi don su gani. Tun kafin su iso gida labarin ya riga su. Na ce mutumin da ya rufe wa ɗan'uwansa ƙofa don ƙuri'ata, ranar da ƙuri'ar wani ta fi tawa nauyi ni zai rufe wa."

Na ɗauki buhuna ban ko yi masa sallama ba. Na yi kwanaki ina jin haushinsa, don ba abin da ya kai gaskiya daga bakin wanda ka raina ciwo.

Yanzu kai da Ɗan-Juma kuna zaton kun ɓoye wani abu? A Jiratawa? Garin da in akuyarka ta haihu da safe kafin azahar an san ko ƴaƴa nawa? Kowa ya san wa ta riƙe ka. Sun san tana kwance, don masu kai tattasai kasuwar Tibiri suna dawowa da labari. Abin da suke jira su gani kawai shi ne ko za ka je. Masu zagin ka da riƙon Kirista ba za su daina ba don ka ƙi zuwa, sai dai su ƙara da cewa ga shi ma ya ji kunyar abin. Ka ba su sanda da hannunka.

Na san tambayar da ke cin ka, matarka ta ce har abinci ka rage ci: shin mutum mai sassauci irinka zai iya cin ƙuri'ar mutane masu riƙo da tsohuwar hanya? Ba zan yi maka daɗin baki ba. Akwai waɗanda ko ka kwana kana kabbara a ƙofarsu ba za su zaɓe ka ba, musamman masu hangen parsel ɗin ƴan'uwansu da suka mutu, don maganarka cikin tukunyarsu ta shiga. Waɗannan ka gaishe su da mutunci ka wuce, kada ka ɓata takalminka. Amma ba su ne gari ba. Kuskurena shi ne na ɗaure masu tsanani duka a dami ɗaya, da farko na zage su tare, daga baya na yi musu ƙarya tare. Mafi yawansu irin Alhaji Mati ne. Tsoronsu kada a raina su, kada a zo da baƙon abu a tusa musu, kada ruwa ya yanke ranar layinsu. Irin waɗannan ana samun su, amma ba a filin mitin ba. Ka same su bakin kwalbati da sassafe suna buɗe ruwa, ka naɗe wando ka kama musu. Ka je wurin liman kai kaɗai, ba da ƴan rakiya ba, ka zauna ƙasa ka tambaye shi abin da addini ya ce game da dukiyar maraya, ka bar shi ya faɗa da bakinsa. Maganar da ka tsaya a kanta ba daga coci ta fito ba, tana cikin littafin da suke karantawa kullum. Kai ne ka kasa faɗin ta da harshensu, ka tsaya kana kawo musu misalin ƙasashen waje.

Kuma kada ka janye ta. Na ji Ɗan-Juma na cewa a ajiye zancen matan mamata sai an hau kujera. Ƙarya yake. Abin da ka ɓoye don ka hau, ba za ka iya fito da shi ba in ka hau, don waɗanda suka ɗora ka za su ce ba da wannan muka yi da kai ba. In an tambaye ka a taro, ka amsa a hankali, ba faɗa ba zagi, amma ka amsa. In wani ya tashi ya ce kai riƙon Kirista ne, ka ce, "Ƙwarai kuwa. Ita ta koya mini tashi sallar asuba. Akwai wata tambaya?" Ka ga ko ba za a yi dariya a bar shi tsaye ba.

Za ka iya yin duk wannan ka faɗi. Na faɗa maka tun yanzu. Babanka ya faɗi yana mutumin kirki, kuma bayan wannan faɗuwar yana shiga Jiratawa ana tashi a ba shi tabarma. Bayan ta biyu sai da ya daɗe bai iya zuwa gonarsa da rana tsaka ba, sai ya aika. Shugabancin koperatif wa'adi ne da shi, in bai zo bana ba ana sake zaɓe. Ita wadda ke kwance a Tibiri ban ga alamar za ta jira zaɓenku ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai, hanyar Tibiri daga Jiratawa ta cikin Maraɗi take bi. Shekaranjiya an gan ka a Sabon Gari kana sayen katin waya. Ka zo har nan, ya rage ɗan abin da babur ke ci kafin shayi ya tafasa, ka juya. Tir! Wa ya koya maka cewa ana aika dubiya? Zumunci a ƙafa yake, kuma zuwa da kai ya fi aike, wannan ko yaro ya sani. Shinkafa ga matar da ba ta haɗiye tuwo! Sabulu! Ta ce maka datti ke damun ta?

Kayanka na sa an ɗauko su daga Tibiri, ga su nan tare da takardar nan, kada ka ga laifin mai kawowa. Ban bari Rahila ta sani ba. Na san zafin mayar da kaya daga ƙofa, na taɓa yi wa wadda ba ta cancanta ba, yau na yi wa wanda ya cancanta. In kana son ta same su, ka ɗaura su bayan babur ɗinka ka kai da kanka. Da rana za ka tafi, ba a ɓoye ba. Ka bi ta gaban majalisar dattawa, in sun ce ina zuwa, ka ce, "Tibiri, Innata ba lafiya." In Ɗan-Juma ya tare ka, ka ce masa uwarka ta ce ya zo Sabon Gari ya same ta, akwai sauran bayani.

Zan faɗa maka abu ɗaya da ban taɓa faɗa ba, sannan in ajiye alƙalami, hannuna ya gaji. Jiya kafin in taho barci ya ɗan ɗauke ta, sai na ji tana kiran sunanka, irin kiran da take yi maka in abinci ya sauka kana waje. Na zauna ina saurare. Ni na haife ka, amma bakina bai taɓa ɗanɗana sunan nan ba, kuma ba zai ɗanɗana ba har in koma ga Allah. Tun kana zanen goyo nake jin sa a bakinta ina jin daɗi a ɓoye. Jiratawa za su iya kiran ka shugaba, ƴaƴanka su kira ka Baba, ni in ci gaba da ce maka ɗan Rahila. Amma ranar da ta rufe ido, ba sauran uwa a duniya da za ta kira ka da sunanka. Ka je ka amsa tun tana kira.

Allah ya kai ka lafiya ya dawo da kai lafiya. Allah ya ba Rahila sauƙi, ya sa ta gan ka da idonta. Allah ya ba ka kujerar nan in alheri ce gare ka da marayun Jiratawa, in ba alheri ba ce ya musanya maka da abin da ya fi ta. Allah ya raba ka da shawarar banza, ya yi maka albarka duk da ɓacin ran da ka sa ni. Ka gaida matarka da yara. Ka gaida Alhaji Mati, ka ce mai kalangu tana gaisuwa.

Gobe da hantsi ina Tibiri, kuma kunnena na kan ƙofa.

Wassalam.

Mahaifiyarka,
Habsu